Nev Tregear da Rumfar Raguna

Nev Tregear mijin yayata ne. Shekara talatin da ɗoriya ina kallonsa, ban taɓa ganin ya ɗaga ƙafa da sauri ba, sai ranar da hadari ya fara jefo ƙanƙara motarsa tana waje. Aikinsa buɗe ruwa ne. Shi ke bin magudanan da ke janyo ruwa daga kogin Murrumbidgee zuwa gonakin shinkafa da na lemo, ya ɗaga ƙofa a nan, ya sauke a can, ya tsaya hannu a ƙugu yana kallon ruwa na wucewa. Wanda ya yi rayuwarsa da ruwa ba ya koyon surutu. Idan ka gaishe shi ya ce "to", ka yi sa'a. Idan ya ƙara da "zafi", to ranar yana cikin nishaɗi.

Ba ya caca, ba ya kamun kifi, ba ya zuwa coci sai an mutu. Abu ɗaya gare shi: mota. Holden ce ƙirar shekarun sittin, doguwa irin ta ɗaukar iyali, launinta kamar ganyen kabejin da ya kwana biyu a kasuwa. Babansa ya saye ta sabuwa fil, ya mutu ya bar masa. Fentin da ta fito da shi daga kamfani shi ne a jikinta har yau, kuma ledar da ke shimfiɗe a gaban sitiyari ba ta tsage ko'ina ba, abin da a ƙasa mai rana irin tamu ya fi ƙarfin mamaki. Nev ya san darajar wannan ledar. Ya fi kula da ita a kan fatar goshinsa, wadda likita ya riga ya yanke wurare biyu a ciki.

Da makarantu sun rufe a Disamba, tsakiyar zafi a wajenmu, gidansu yake cika. 'Yarsu Shona takan taho daga Sydney da 'yan matanta biyu, Pip da Marnie, a baza katifu a baranda, a kunna rediyo yana ta ba da labarin wasan kurket wanda babu mai saurare. Yara su yini suna tsallake famfon ban-ruwan ciyawa, su shigo da jiƙaƙƙun ƙafafu, yayata Glenys ta bi su da tsumma da faɗa. Naman Kirsimeti a ci shi da sanyinsa, a ci a burodi, a ci a soye, har sai kowa ya fara kallon firji da ƙiyayya. Da yamma a tafi kogi. Ana cusa kowa ne a 'yar ƙaramar motar Glenys, da tawul, da kare, da ni in na zo cin arziki. Ita kuwa Holden tana gareji, an lulluɓe ta da barguna, kuma fanka ɗaya da ba ta ƙara a gidan ita aka kunna wa.

Sau ɗaya take yin doguwar tafiya a shekara, cikin Janairu, zuwa bikin tsofaffin motoci a filin baje kolin Wirrabilla. Filin nan fetal yake, babu bishiya, babu komai sai busasshiyar ciyawa da ƙuda. Inuwa ɗaya ce a cikinsa: tsohuwar rumfar kwano da ake tsayar da raguna a ƙarƙashinta lokacin gasar tumaki. Mota ɗaya take ɗauka. Har yau tana warin abin da aka gina ta dominsa. A kan wannan rumfar manyan mutane masu jikoki suka yi ta gaba da juna, har ƙungiyar masu tsofaffin motoci ta kafa doka. Rumfa ta motar da ta fi kowa daɗewa tana zuwa ce ba fashi. Dole ta shigo ƙofa da injinta, ba a kan tirela ba, ba da turi ba. Dole kuma ta shige ƙarƙashi kafin motar 'yan kwana-kwana ta busa jiniyar buɗe biki. Wanda ya rasa sau ɗaya ya koma ƙarshen layi, na bayansa ya gaje.

Tun Shona tana firamare rumfar take hannun Nev. Na bayansa Col Zanetti ne, mai gonar inabi, mai jar Ford da baki kamar rediyo. Col ya daɗe yana jira. Duk shekara yakan zo ya tambayi lafiyar Nev da wata irin kulawa da ba ta yi kama da ƙauna ba.

To bana, a farkon Disamba, Nev ya hau kwashe busassun ganye daga indararon rufi kafin lokacin gobarar daji, kamar kowane magidanci. Tsaninsa ya gaza. Wani zai je ya aro na maƙwabci. Nev ya ɗora nasa a kan kular ƙanƙara. Idon sawun hagu ne ya karye, aka ɗaure shi da siminti har ƙauri. Glenys ta ce da likita ya gama bayani ya tambaya ko akwai tambaya, Nev bai ce yaushe zai koma aiki ba, bai ce yaushe zai taka ba. Cewa ya yi, "Kuloci fa?"

Likita ya ce ya manta da kuloci sai kaka.

Maganar ta taso ne a kan tebur, bayan sabuwar shekara, muna cin abin da ya rage na naman nan.

"A ɗora ta a tirela mana, Baba," in ji Shona.

"Gawa ake ɗauka."

"To ga ni," na ce. "Kyauta ma. Abinci kawai za ka ba ni."

Ya dube ni kamar na ce a ba ni aron haƙoransa. Gidanmu 'yan Ford ne tun kakanni, kuma ɗan Ford da ɗan Holden ba sa ga maciji. Glenys ce kawai ta yi ridda, ita ma aure ne ya ja ta.

"Gara in cinna mata wuta," ya ce.

"Kai da motar ko ita kaɗai?"

Shona ba ta iya mota mai giya ba, balle wannan da giyarta ke jikin sitiyari. Saura mutum ɗaya, tana zaune tana yanka tumatir kamar ba da ita ake ba. Glenys a gona muka tashi da ita. Tun tana 'yar sakandare take kai babbar motar alkama rumbun gwamnati lokacin girbi. Amma tana da cikin Shona ta taɓa goga ƙugun Holden a jikin ginshiƙin ƙofar gida, 'yar gogar da sai ka durƙusa ka lumshe ido ɗaya za ka gani. Nev bai yi faɗa ba. Bai dai sake ba ta makulli ba, ita kuma ba ta sake tambaya ba. Haka suka yi shekara talatin lafiya lau.

"Mama za ta tuƙa," in ji Shona.

"Ban ce ba," in ji Nev.

"Ni ma ban ce ba," in ji Glenys.

Aka bar maganar. Babu wanda ya roƙi wani, babu wanda ya yi wa wani tayi. Ranar Asabar da safe dai na iso na tarar da Glenys a bayan sitiyari da tabarau, Nev a gefenta ya miƙe ƙafar siminti, sandunansa a tsakanin cinyoyi, kowa yana kallon gaba kamar baƙi biyu a motar haya. Ni da Shona da yara muka shige baya.

Duk wanda bai taɓa zama a kujerar leda da gajeren wando a Janairu ba, bai san abin da ƙwai ke ji a kasko ba. Babu na'urar sanyi, sai tagogi, iskar da ke shigowa kuwa kamar daga bakin tanda. Hanya miƙe take ɗoɗar, gonakin alkama da aka girbe hagu da dama. Nev ya yi magana a wannan tafiyar fiye da duk abin da ya faɗa tun ɗaurin aurensa.

"Giya ta biyu. Ta biyu, Glenys. Kar ki ja ta, lallaɓa ta. Rami. Kin ga ramin? Kin shiga ramin."

"Na ga ramin."

"To me ya sa kika shiga?"

"Ina so in gaishe shi."

"Kaka," in ji Pip daga baya, "me ya sa kake taka ƙasa da ƙafarka? Ai babu burki a wajenka."

Can wajen rabin hanya ya gaji, ko kuma ya rasa abin kushewa, don gaskiya motar tafiya take sumul. Na ga Glenys ta fitar da gwiwar hannu ta taga, tana 'yar waƙa ƙasa-ƙasa. Muka tsaya a wani ƙauye muka sayi burodi mai nama a ciki, aka ci a tsaye a rana, domin ba a cin komai a cikin Holden, ko cingam. Muka kwana a masaukin bakin hanya kusa da Wirrabilla. Yara suka faɗa kwamin wanka, Nev ya zauna a kujerar roba yana gadin motarsa kada tsuntsu ya yi mata rashin kunya.

Lahadi da safe muka tarar da layi a ƙofar fili, motoci sun kai arba'in, kowace tana ƙyalli tana huci. Ana matsawa kaɗan-kaɗan. Lokaci yana nan isasshe. Da an bar Glenys da mun shiga, mun kafa kujeru, labarin nan ma da babu shi.

Sai ga Col Zanetti. Ya riga ya shiga da sassafe, ya ajiye jar motarsa dab da rumfa kamar kare a bakin kicin, sannan ya fito da kofin gahawa yana bin layi yana gaisawa. Wasu tsofaffin ƙungiya uku suna biye da shi. Nev ya hango su tun daga nesa. Na ga bayan wuyansa ya yi ja.

"Tsaya," ya ce. "Sauka."

Glenys ta juyo. "Me?"

"Ƙofa ce kawai. Ni zan shigar da ita."

"Da wace ƙafar, Baba?" in ji Shona.

"Taku nawa ne? Sauka, Glenys, suna zuwa."

Yayata ta cire giya, ta ja burkin hannu, ta buɗe ƙofa ta fita, ta rufe a hankali. Na san wannan rufe ƙofar tun ina yaro. Nev ya ja jiki a kan doguwar kujerar ya koma bayan sitiyari, ya ɗaga ƙafar siminti da hannu biyu ya ɗora a kan kuloci, ya gyara hula. Daidai nan Col ya iso.

"Neville! Ashe kana da rai. An ce min ka faɗo daga sama."

"Ga ni."

"Ka ga namiji. Ni da na ji labari har na sayo tsintsiya zan share rumfa."

Motar gaba ta matsa. Nev ya danna kuloci, haƙoransa a cije, ya sa giya. Amma siminti ba ya jin komai. Ƙafar ta zame gaba ɗaya, Holden ta yi tsalle kamar an tsikari akuya, Marnie ta bugi bayan kujera, inji ya mutu.

Ko a nan ma da ya yi haƙuri da ta tashi. Amma mutum huɗu suna kallo. Ya murɗa makulli yana ta dannar totur, danna, danna, danna, abin da shi da bakinsa ya sha ce wa mutane kada su yi wa tsohuwar mota. Warin fetur ya cika mu. Ya shaƙe ta da mai.

"Ka ba ta ta ƙoshi," in ji Col, yana kurɓar gahawa. "In kawo igiya?"

Na baya suka fara hon. Ni da Shona da wasu mutane muka tura ta gefe kan ciyawa, hancinta yana kallon ƙofa, tazarar da yaro zai tofa ƙwallon kankana ya kai. Mai tsaron ƙofa Bev Oakshott ce, da malfarta kamar faifai. Ta san Nev tun yana saurayi.

"Bev, ɗan turi ne kawai," na ce mata. "Ki kalli wancan gefen, ga wani kyakkyawan tsuntsu can."

"Da injinta," ta ce. "Nev ne ya kawo dokar. Ina wurin."

Maganin motar da ta shaƙe jira ne. Nev ya zauna a ciki, ƙofa a buɗe, gumi yana ɗiga daga haɓarsa. Glenys kuwa ta buɗe baya ta sauko da kula, ta zauna a kai a 'yar inuwar motar, ta ciro kankana da wuƙa. Ta yanka wa yara, ta yanka wa Shona, ta yanka min. Layi yana ta raguwa. Ta cikin waya muna hango 'yan kwana-kwana da rigunansu masu ruwan ɗorawa sun gama cin sosej, ɗaya yana goge hannu a wando yana nufar motarsu.

Nev ya sake murɗawa, wannan karon bai yi ta dannar totur ba. Ta yi tari, ta yi tari, ta kama. Inji ya zauna daram, yana wannan ƙarar mai daɗi. Ya kalli kuloci. Ya kalli ƙafarsa. Ya kalli ƙofar fili.

"Mai take sha a banza," ya ce, ba tare da ya juyo ba.

"Sai ka kashe ta," in ji Glenys.

Bai kashe ba.

"Nev," na ce, "kalma biyu ce. Ni zan fara maka, kai ka ƙarasa. Don..."

"Rufe min baki."

"Ko in shigar da ita ni? Col zai ji daɗi. Zai sa a buga a jarida."

Wannan karon su biyun ne suka harare ni, na koma ga kankanata.

Nev ya ja jiki, da nishi, ya koma kujerar gefe. Ya bar ƙofar direba a wangale. A wajensa wannan jawabi ne mai tsawo. A gida ya isa, ranar Asabar ma ya isa. Amma ranar Asabar ba a sauke kowa a gaban mutane ba.

Glenys ta ciro wani yanki ta fara cire masa 'ya'ya da tsinin wuƙa.

"Mama," in ji Shona a hankali.

"Ban ji an ce komai ba."

"Kaka, ka ce don Allah mana," in ji Marnie, ruwan kankana har gwiwar hannunta. "Mu ma haka ake sa mu."

Ɗan kwana-kwanan nan ya kama ƙofar motarsu ya haye. Can ciki Col ya shige jar Ford, ya tayar, ya ɗora hannu a bayan kujera yana kallon baya.

"Glenys," in ji Nev. "Ki shigar da ita."

"Iye?"

"Don Allah."

Ta miƙe. Ta goge wuƙa da tsumma. Ta naɗe ragowar kankana a leda, ta sa a kula, ta rufe, ta ce in ɗaga mata zuwa baya. Ta ce yara su wanke hannu da ruwan gora kafin su taɓa kujera. Ba ta yi nawa ba, ba ta yi sauri ba. Haka take yin komai, haka na san ta. Ta shiga, ta gyara madubi wanda Nev ya karkatar, ta sa giya, motar ta tashi lumui kamar jirgin ruwa. Tayoyin gaba suna taka bakin ƙofa jiniya ta ɗauka.

Muna kallo jar Ford ta yi baya a hankali ta shige ƙarƙashin rumfar raguna. Col ya fito, ya dubi kwanon sama kamar wanda ya gama biyan kuɗin gida.

Daga baya na tambayi yayata ko da gangan ta yi. Ta ce ƙuda ne za su hau kankana.

Bev ta ba mu wuri a layin ƙarshe, kusa da masu gasa sosej, inda rana da hayaƙi suka haɗa kai. Nev ya tuɓe rigarsa ya shimfiɗa a kan ledar gaban sitiyari, ya karɓe tawul ɗin yara ya rufe rufin motar, ya buɗe bonet kamar yadda ake yi, ya kafa kujerarsa a baya ya zauna da singileti, ƙafar siminti a miƙe. Shona ta shafa masa man kariyar rana a kafaɗu bai hana ba. Yara suka tafi neman askirim. Wajen azahar Col ya zo, ba gahawa a hannunsa wannan karon.

"Ka taho da kujerarka inuwa, Nev. Akwai wuri. Ƙafar nan za ta dahu a cikin simintin."

"Nan ma lafiya."

"Kai dai ka sani."

Ya ɗan tsaya, ya leƙa injin, ya ce tsaf yake, ya koma.

Mutane suna ta wucewa, masu hula da masu lema, su leƙa, su yi hoto, su ce kakansu yana da irinta. Wani dattijo mai farin gemu da ya ce daga Adelaide ya zo ya daɗe yana zagaya ta. Ya durƙusa ya kalli ƙasanta, ya ɗaga gefen rigar Nev da yatsa ɗaya ya kalli ledar, ya yi fito.

"Taka ce, aboki?"

"Ta babana."

"Da ƙafarta ta zo?"

"Da ƙafarta."

"Yaya take a doguwar hanya? An ce suna ja gefe in sun yi zafi."

Nev ya buɗe baki. Wannan tambayar yana da amsarta tun kafin a haifi Shona, amsa mai tsawo, da tarihin kowace taya. Sannan ya ɗaga sandarsa ya nuna Glenys, tana zaune a kan kula da malfa, tana fifita da farantin takarda.

"Tambayi direba," ya ce.